Dogo siriri zai tafi Ingila karatu: ina zai samo kayan da za su zauna masa?

Sadiƙu Dogo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san wasu za su mai da maganar nan abin dariya, to ku yi dariyarku ku gama, sannan ku ba ni shawara. Allah ya sa na samu gurbin digiri na biyu a Ingila, a garin Lids, zan tashi tsakiyar Satumba in sha Allahu. Tsawona santimita 193 ne, ƙafa shida da inci huɗu ke nan, ƙuguna 30, nauyina bai wuce kilo 70 ba. A nan Kano ban taɓa sanin ina da matsala ba, tunda daga yadi sai shadda, kuma telana na Fagge ya haddace awona tun ina sakandare. Ƙananan kaya ne ba ma shiri. Bara da na je Umara na biya ta Dubai, na sayi riguna uku a wani babban kanti. Mai lamba M ta zauna a kafaɗa, amma hannun ya tsaya tun kafin ya kai agogo, in na ɗaga hannu kuwa sai ciki ya fito. Na koma XXL, hannu ya kai, jikin kuma kamar an rataya buhu a falwaya. Ƙarshenta ƙannena na rabar wa. Yanzu ga sanyi a gabana, ga shi an ce akwai tarukan da sai da kwat. In ɗinka komai a nan in tafi da shi ne, ko in bari sai na isa?

Gajeren Gwale:
Wa alaikumus salam. Shekara nawa kuna kiran mu tukunyar gas, yau ga ranarmu ta zo. Ni duk wandon da na saya sai an yanke ƙafa. Ka zo in riƙa tara maka guntayen, a jona maka a naka.

Sadiƙu Dogo:
Na san kai za ka fara. Allah ya shirye ka.

Gajeren Gwale:
Amin. Amma ka tuna an ce dogo da hankali dace ne, shi ya sa ka sayi riga uku ba ka gwada ba.

Injiniya Bashir:
Ƙanina, barka da arziki, Allah ya sa a tafi a sa'a. Shekarata takwas a Jamus, tsawona 187, don haka na sha irin wannan ruwan. Abu na farko, ka cire harafin nan na M da L da XL daga ranka. Waɗannan haruffa faɗi suke ƙarawa fiye da tsawo. Duk lamba ɗaya da ka hau, ƙirji zai ƙaru da inci biyu ko fiye, hannu kuwa da ƙyar ya ƙaru da rabin inci. Shi ya sa kafin hannu ya kai maka, jikin ya isa mutum biyu.

Kwat a Ingila da faɗin ƙirji ake sayar da ita, da inci, sai a bi lambar da harafi. S na gajeru ne, R na matsakaita, L na dogaye. In ƙirjinka 38 ne, 38L za ka nema. Wasu shagunan ƙalilan suna da 38XL, kuma XL ɗin nan da ke bayan lamba ba ƙiba yake nufi ba, ƙarin tsawo ne a kan na L. A nan ɓangarenmu na Turai kuwa lambar rabin ƙirji ce da santimita, don haka 38 ɗin Ingila shi ne 48 a Jamus da Italiya, goma kawai za ka ƙara. Jamusawa suna da layi na daban na dogaye sirara: 90, 94, 98, 102, 106. Lissafin shi ne ka cire ɗaya daga lambarka ka ninka biyu. Mai 48 zai sa 94, mai 50 zai sa 98. Ni 98 nake sawa, kuma ta yi mini cif. Kai da ka ɗara ni da santimita shida, 94 za ta zauna maka a jiki, amma ina jin sai an sako maka hannu kaɗan. Na yi shekara biyu a ƙasar nan ina sayen burmemiyar riga kafin wata tsohuwa mai shago ta dube ni ta ce me ya kai ka layin 54, ta ja ni wani lungu ta nuna mini wannan layin.

Malam Auwalu Dala:
Ni fa ban gane wahalar da ake son ɗora wa yaron nan ba. Wa ya ce dole sai da kwat? Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya je Amurka a 1961, ya zauna da Shugaba Kenedi, ya yi jawabi a majalisarsu, ba wanda ya ce ya koma ya sako kwat. Ɗanmasanin Kano Alhaji Maitama Sule ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya da rigarsa da hularsa. Kuma babu suturar da take yi wa dogon mutum kyau irin kaftani. Sadiƙu, ka shiga Kantin Kwari ka yanki yadi mai kyau kala shida, shadda biyu, ka ɗauki zanna bukar ɗinka guda huɗu, magana ta ƙare.

Injiniya Bashir:
Malam, Allah ya gafarta, maganarka gaskiya ce ta fuskar mutunci. Sai dai su waɗancan bayin Allah mota ce take ɗaukar su daga ƙofa zuwa ƙofa. Shi kuwa Sadiƙu zai tsaya jiran bas a Lids cikin watan Janairu, yayyafi na zuba, iska na kaɗawa, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu. Kaftanin da ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa ba ado ba ne, mura ce.

Malam Auwalu Dala:
To ai Juma'a da Idi da ranar yaye ɗalibai ba su fi ƙarfin kaftani ba.

Injiniya Bashir:
Nan kam ba mu da saɓani. Ni ma da farar shadda na karɓi takardata.

Maman Amira:
Sannunku da hira. Maigidana dogo ne irin Sadiƙu, mun yi shekara huɗu a Manchista, kuma ni nake yi masa sayayya don shi in ya shiga shago minti biyar ya gaji. Malam Auwalu, a yi haƙuri, shadda biyun ma ɗaya ta isa. Can babu masu bugu. Duk shaddar da ta shiga injin wanki ta yi sallama da maiƙonta, in ka kai wa masu wankin kanti kuma kuɗin da za su caje ka sai ka ji kamar ka bar musu rigar. Ya ɗauki yadi mai nauyi wanda guga kaɗai ta ishe shi, kuma a sakar masa jiki da hannu kaɗan yadda zai iya sa rigar ɗumi a ciki. Kaftanin da aka ɗinka ya kama jiki irin na samarin yanzu ba ya karɓar komai a ƙarƙashinsa.

Sannan, Sadiƙu, ka ji tsoron injin busar da kaya. Shi ne babban maƙiyin dogo. Rigar auduga da ka sha wahala ka samo mai dogon hannu, shiga biyu za ta yi a ciki ta koma ta ƙaninka. Ka wanke da ruwa mai sanyi, ka shanya a ɗaki.

Sadiƙu Dogo:
Na gode Anti, wannan ta busarwa ban taɓa jin ta ba. Yaya Bashir, to wando fa? Telana 45 yake rubuta mini a tsawo. Na duba a intanet na ga mafi tsawonsu 36 ne, sai gabana ya faɗi.

Nura Ɗan Tela:
Na karanta wa Baba tambayarka, ya yi dariya har ya ajiye almakashi. Ga abin da ya ce in rubuta maka, da bakinsa:

"Ɗana, ba wuri ɗaya muke aunawa da su ba. Mu a nan daga ƙugu muke ɗora tef, mu bi ta gefe har idon sawu, shi ne 45 ɗinka. Su kuwa ta ciki suke aunawa, daga hantsar wando zuwa ƙasa. In ka ga an rubuta W30 L36, ƙugu 30 ne, tsawon ciki 36, kuma in ka ƙara tsayin hantsa a kai za ka ga ya kai 45 ɗinka har da ɗoriya. Haka ma hannun riga. Mu daga ƙarshen kafaɗa muke farawa zuwa wuyan hannu. Rigar ofis ta Turawa daga tsakiyar ƙeya ake farawa, a bi ta kafaɗa, a sauko. Don haka ka raba faɗin kafaɗarka biyu ka haɗa da tsawon hannun da telanka ya rubuta, shi ne lambarka a wurinsu. Yara da yawa sun kawo mini kayan da 'yan'uwansu suka aiko daga waje, an aika da awon Fagge an sayo da awon Landan, sai a ce mai sayen ne bai iya ba. Ba wanda ya yi kuskure, yare ne ya bambanta.

"Sai ka riƙe wannan. Tela yana iya ragewa, ba ya iya ƙirƙirar yadin da babu. Ƙugu ana tsuke shi, cinya ana rage ta, riga in ta yi yawa a baya ana kama ta da ɗinki biyu ta zauna. Amma tsawon kwat ba a ƙara shi, kafaɗa kuma in ta zarce taka, gyaranta sai an farke rigar gaba ɗaya, gara ka bar ta a shagon. In za ka saya, ka fara duba kafaɗa, sai tsawo, sai hannu. Sauran namu ne. In wando ya ɗan gaza, ka juya ƙafar ka ga ko an bar kalmasa mai yawa a ciki. In akwai inci biyu a naɗe, za a sako maka ɗaya da rabi."

Dokta Kabiru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana. Ni daga Amurka nake, a nan rigar ofis lamba biyu take ɗauka, wuya da hannu, misali 15 da 36/37. Wannan tsari shi ne rahamar dogo siriri, don wuyanka ba ya tilasta maka hannun gajere. A Ingila ma Charles Tyrwhitt haka suke sayarwa, ka zaɓi wuya daban, hannu daban, faɗin jiki daban. Kalmar da za ka riƙa rubutawa wajen nema ita ce Tall, kuma a riguna za ka ga MT ko LT, wato faɗin M ko L amma da ƙarin tsawon jiki da hannu. MT ita ce taka. ASOS suna da sashen dogaye, akwai 2tall a Ingila da ba sa yin komai sai kayan dogaye, akwai American Tall na Kanada. Levi's suna yin jins mai tsawon 36, amma da wuya ka tarar da shi a rataye a shago, yawanci sai ta oda.

Gargaɗi ɗaya. Akwai shagunan da suke tallar kansu a matsayin na ƙattai da dogaye a haɗe. Kada sunan ya ruɗe ka. Na taɓa shiga ɗaya da murnata, mafi ƙanƙantar ƙugu a wurin ya fi nawa da inci takwas. Mutumin da suke nufi dogo ne mai tumbi, ba irinmu ba.

Gajeren Gwale:
Dokta ya ce irinmu. Ashe ƙungiya gare ku. A yi mana rajista mu ma ko a matsayin masu riƙe tsani.

Alhaji Sani Kwari:
Tunda ana ta yabon Turai, bari in faɗi inda ba za ka nufa ba. Ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin tun ba yau ba, kuma da yawa daga ƙananan kayan da kuke gani a Sabon Gari da Kwari daga can suke. XL ɗin Sin kusan M ɗin Ingila ne, hannun kuma gajere. Amma su ma suna da tsari mai hankali in ka iya karanta shi. A wuyan riga za ka ga an rubuta irin 175/92A. Lambar farko tsawon mutum ce da santimita, ta biyu ƙirji, harafin kuma yanayin jiki. Y na mai siririn ƙugu ne, A matsakaici, B da C masu tumbi. Matsalar ita ce tsawo da faɗi tare suke hawa a kasuwa, kafin ka samu 190 ƙirjin ya wuce naka nesa. Sai dai ka ba masana'anta oda, su kuma ba sa ɗinka guda biyu.

Kuma ku yi hattara da tef. Akwai tef ɗin Sin da gefe ɗaya yake kama da inci amma ba inci ba ne, nasu ma'aunin ne na gargajiya, kowane ɗaya ya kai santimita 3.3, alhali inci 2.54 ne. Wani yarona ya taɓa auna ni da shi ya ce ƙuguna ya ragu, na yi ta murna kwana biyu. Kafin ka amince da tef, ka juya shi ka ga ko inci goma ya faɗa a kan santimita 25.4.

Nura Ɗan Tela:
Alhaji, wallahi irin tef ɗin ya taɓa shigowa shagonmu cikin kwalin zare. Baba ya jefa shi kwata.

Mustafa Zoo Road:
In kana da hali ka bi ta Istanbul. Kwat ɗinsu tana da abin da suke kira dirof, 4 ko 6 ko 8, yana nuna tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu. Dirof 8 na dogo siriri ne. Osmanbey da Laleli cike suke da shaguna, mutanenmu na Kano ma suna sari a can. Sai dai fa sai da biza in za ka fita daga filin jirgi.

Abin da yake ba ni mamaki, Larabawa sun warware wannan tuntuni. Jallabiya a Makka da tsawo ake sayar da ita, 56, 58, 60, 62, sannan ka zaɓi faɗi. Ko ba haka ba Sadiƙu?

Sadiƙu Dogo:
Haka ne, 62 mai ƙaramin faɗi na saya, ita kaɗai ce abin kanti da ta taɓa yi mini daidai a rayuwata. Istanbul kam ba ta cikin lissafi, tikitin ma da ƙyar. Yanzu tambayar da ta rage, kwat ɗin. In ba wa tela a nan ya yi mini da awona, ko in saya can? Da canjin fam ɗin nan na yanzu, duk abin da zan iya yi da naira na fi so.

Injiniya Bashir:
Zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Kaftani da babbar riga, babu inda ya kama ƙafar Kano a duniya. Amma kwat kada ka ɗinka a gida. Na yi wannan kuskuren kafin in taho. An karɓi kuɗi mai kauri, yadin ma mai kyau ne, amma kafaɗar ta tsaya kamar an sa katako, gaban kuma bayan wanki ɗaya ya yi ƙuraje. Sau ɗaya na sa ta.

Nura Ɗan Tela:
Haba Injiniya. Tela ɗaya ya ɓata maka aiki sai ka yi wa garin gaba ɗaya kuɗin goro? Akwai masu kwat a Sabon Gari da lauyoyi da ma'aikatan banki suke ɗinki a wurinsu shekara da shekaru. Kuma kwat ɗin kantin da kuke sayowa ai ita ma da gam aka manna cikinta, ba hannu ne ya ɗinka ba.

Injiniya Bashir:
Ban musa ba, ta kanti mai araha ma manne take. Bambancin shi ne su da babban injin matsa suke mannawa, zafi da nauyi a ƙayyade, mu kuma da dutsen guga. Ban raina sana'ar kowa ba Nura, mahaifinka ubana ne.

Malam Auwalu Dala:
Kun ga abin da nake faɗa. Da kaftani ne da ba a yi wannan rigimar ba.

Nura Ɗan Tela:
Na kai ƙara wurin Baba ina zaton zai goya mini baya, sai ya ce in rubuta haka:

"Bashir bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Kwat sana'a ce daban. Ni shekara arba'in ina kan keke, ban taɓa karɓar ta ba, don na san ba hannuna ba ce. Wanda ya iya ta yana nan, amma ba shi da yawa, kuma alamarsa ita ce zai ce ka dawo gwaji sau biyu kafin ya rufe ɗinki. Duk wanda ya auna ka yau ya ce ka zo jibi ka karɓa, ka ɗauki yadinka ka gudu. Ga yaron nan kuma lokaci ya ƙure. Shawarata, wandunan yadi da rigunan ciki masu kwala a yi su a nan, wannan ba abin da zai gagare mu, ya kawo guda ɗaya ta kanti da yake son fasalinta mu kwafa mu ƙara tsawo. Ta saman kuwa ya saya can inda zai sa a jikinsa ya duba madubi."

Maman Amira:
Baba ya raba gardama. In ƙara da cewa a Ingila manyan shaguna irin su Marks & Spencer da Next suna sayar da ta sama daban, wando daban. Wannan yana da muhimmanci gare ka, don in an haɗa su a leda ɗaya, 38 da wando mai ƙugu 32 take zuwa. Launi kuma ka ɗauki shuɗi mai duhu ko ruwan toka, guda ɗaya ta ishe ka shekarar. Ka tabbata ta rufe mazaunai, kuma bakin hannun rigar ciki ya ɗan leƙo kamar rabin inci. Ka duba maɓallan hannun. In na ado ne, tela zai iya sako hannu. In an huda musu ƙofa ta gaske, sakin ba zai yi nisa ba.

Kuma don Allah, tunda ni yayarka ce zan faɗa maka, ka rabu da wandon nan fensir. Gajere in ya sa ya ɗan miƙe, amma dogo siriri in ya sa sai ya koma zalɓe. Ka nemi mai madaidaiciyar ƙafa, yadi mai ɗan kauri. Riga mai zane a tsaye ma ƙara maka tsawo take yi, kai kuma ba shi kake nema ba. Sanyin ma gata zai yi maka, don riga kan riga, suwaita a kai, jaket a sama, sai ka ga mutum ya cika ido. Maigidana bai taɓa yin kyau a hoto ba irin na lokacin sanyi.

Sadiƙu Dogo:
Anti kin taɓa ni a fensir ɗin nan, guda uku gare ni.

Maman Amira:
Ka bar wa Gajeren Gwale.

Gajeren Gwale:
Na karɓa, kowanne zai fitar mini da biyu.

Ɗan Wambai:
Duk kun yi ta zagaye duniya kun manta da Ƙofar Wambai. Kayan Turawan da kuke magana ai nan suke ƙarewa. In aka fasa dilar wanduna, masu tsawon 34 da 36 su ne suke kwantai, don yawancin masu saye sai sun yanke, ba sa so. Ni har ajiye su nake gefe. Jaket ɗin sanyi kuwa sai hunturu ya matso suke tsada, yanzu da damina ba mai kallon su. Ka zo da safe da tef ɗinka a aljihu, kada ka yarda da abin da aka rubuta a wuya, don wanki ya riga ya ci wasu. Ka shimfiɗa a tebur ka auna. Wanda ya sha wanki ma ya fi, ya gama shigewar da zai yi.

Dokta Kabiru:
Wannan shawara ce ta mai hankali. Ko can ɗin ma akwai gwanjonsu, shagunan ƙungiyoyin agaji a kowace unguwa, ga Vinted da eBay a waya, inda za ka rubuta W30 L36 ya fito maka. Amma babbar rigar sanyi kada ya dogara da ta Wambai kaɗai. Ya samu wadda za ta kai shi Nuwamba, sannan ya sayi ta gaske mai hana ruwa shiga idan an yi ragin ƙarshen Nuwamba ko na 26 ga Disamba. Hannunta ya rufe wuyan hannu ko da ka miƙa hannu gaba kamar mai riƙe keke, a haka ake gwadawa, ba a tsaye ƙiƙam ba.

Injiniya Bashir:
In ka samu hutu kuma ka samu biza, ka leƙa Holan. Mazansu su ne mafi tsawo a duniya, matsakaicinsu ya kai wajen 183. Riguna masu ƙarin tsawon hannu lamba 7 suke kiran su, a shago na yau da kullum za ka gan su. Ranar da na sauka Amsterdam ne na fara jin ni ba kowa ba ne.

Alhaji Sani Kwari:
Takalmi fa? Nawa kake sawa?

Sadiƙu Dogo:
46 Alhaji.

Alhaji Sani Kwari:
To wannan can ya fi sauƙi. A kayan Sin daga 45 ake fara addu'a.

Sadiƙu Dogo:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Jiya na je Fagge aka sake auna ni yadda Baba ya ce. Wuya 15, kafaɗa 18, hannu 28, wato 37 ke nan a lissafin Turawa. Ƙirji 38, ƙugu 30, tsawon ciki 36. Na rubuta su da inci da santimita na ajiye a waya. Yau da safe kuma na je Wambai, Allah ya saka wa ɗan'uwanmu da alheri, ya fito mini da wanduna bakwai daga ƙasan tebur. Biyu sun kai tsawo, jins ɗaya W32, na yadi ɗaya W34. Na samu jaket baƙa da hannunta ya kai, sai dai zif ɗin ya mutu. Na yanki yadi kala uku a Kwari na kaftani, shadda ɗaya kamar yadda Anti ta ce, Malam Auwalu a yi mini afuwa. Nura, za a iya mayar da wandunan nan 30?

Malam Auwalu Dala:
Uku ma ba laifi. Hular dai kada a manta.

Nura Ɗan Tela:
Baba ya ce na 32 ba matsala, inci biyu ne, ta baya za a kama. Na 34 kuwa in aka cire inci huɗu a wuri ɗaya aljihunan baya za su haɗu su gaisa, sai dai a raba ragin, rabi a baya rabi a gefe, kuma sai ya gani a jikinka kafin ya yi alkawari. Zif ka sayo mai haƙoran ƙarfe a Kwari, ka auna tsawon tsohon kafin ka tafi. Ya ce ka zo gobe bayan La'asar, kafin a ɗauke wuta, kuma ka taho da bel da takalmin da za ka riƙa sawa da wandunan, don ba ya yanke tsawo mutum yana tsaye da silifa.